Yadda Za Ka Mayar da Wayarka Na'urar Gem ta Hannu Ba Tare da Ka Kashe Ta Ba

Kusan duk wayar Android da ta fito a 'yan shekarun nan ta fi PSP ƙarfi nesa ba kusa ba. Ina nufin PSP ɗin Sony, na'urar gem ta hannu da ta fito a ƙarshen 2004, wadda a zamaninta sai 'ya'yan wane da wane ke riƙe ta. Fuskarta inci 4.3 ce, ɗigon hotonta 480 a 272, abin da ko wayar maneji ta yau ta ninka shi. Shi ya sa idan yaro ya tsaya a teburina ya ce, "Oga, wace waya zan saya don gem?", nakan ce ya fara nuna mini wadda ke aljihunsa. Sau tari ita ce ma wayar da yake nema. Abin da ya rage masa hannun gem ne, wato abin nan mai maɓallai da ake riƙewa a buga wasa da shi, da ɗan saiti, da sanin yadda zai kare ta daga zafi.

Sana'ata gyaran waya ce a Kano, kuma ta nan nake kallon maganar. Mai shago yana ganin waya ranar da ta fito daga kwali. Ni kuwa sai bayan watanni take zuwa hannuna, batir ya kumbura ya ɗage murfi, bakin caji ya saki, mai ita yana rantsuwa ba abin da ya yi mata. Kuma a iya saninsa gaskiya yake faɗa. Gem kawai ya buga, tana jone da caji, a kan katifa.

Abin da Nokia da Sony suka gwada

Haɗa waya da na'urar gem a jiki ɗaya tsohon buri ne. Nokia ce ta fara lasa wa mutane zuma a baki da wasan maciji a wayarta 6110 cikin 1997, wanda daga baya ya shiga kowane gida ta hanyar 3310. Da ta ga irin cinikin da Nintendo ke yi da Game Boy Advance, sai ta fito da N-Gage a watan Oktoban 2003 a kan dala 299. Abu biyu suka zubar mata da mutunci. In za ka canja gem, sai ka cire murfin baya ka zare batir, domin katin gem ɗin a can ciki yake. In kuma an kira ka, sifikar a bakin gefen wayar take, dole ka kara ta a kaikaice, sai ka ce wanda ya kafa rabin faifai a kunne. An gyara duka biyun a N-Gage QD ta 2004, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Sony Ericsson ta sake gwadawa a 2011 da Xperia Play. Wannan kam an yi tunani wajen ƙera ta: ka tura fuskar sama, sai maɓallan PlayStation su bayyana a ƙasa, ka rufe ta koma waya. Sai dai ram ɗinta megabait 512 ne, gem ɗin da aka yi mata ba su da yawa, kuma ba a sake yin ta biyu ba.

Ni abin da na ɗauka daga waɗannan biyun shi ne, waya tana tsufa da sauri, maɓallai kuwa ba sa tsufa haka. Bayan shekara biyu ko uku firosesa, wato ƙwaƙwalwar wayar, ya zama na da, batir ya gaji, amma hannun gem mai kyau yana nan garau. In aka haɗe su a jiki ɗaya, ranar da wayar ta mutu ta tafi da maɓallan. Saboda haka tsarin da zan nuna maka shi ne na raba su: waya daban, hannu daban, ka haɗa lokacin wasa, ka raba in an gama. Ko wayoyin da ake tallatawa da sunan na gem a yau, irin ROG Phone ta Asus, da Red Magic, da Infinix GT 10 Pro ta 2023 da GT 20 Pro ta 2024 da muka fi gani a kasuwarmu, kan wannan hanyar suka bi. Ƙarfin firosesa da sanyaya ciki suka ƙara, ba su dasa cikakken hannun gem a jiki ba.

Fara da sanin wayar

Kar ka duba megafiksel ɗin kyamara da aka rubuta ɓaro-ɓaro a kwali. Firosesa ne mai aikin. Sauke CPU-Z ko DevCheck daga Play Store, kyauta ne, za su gaya maka sunansa.

In ka ga Unisoc T606 ko Helio G36 da makamantansu, wayarka za ta ɗauki gem ɗin Game Boy, da na Sega, da na PlayStation ta farko, da masu sauƙi daga cikin na PSP. Helio G85 da G88 suna buga mafi yawan na PSP. Helio G99, wanda ke cikin wayoyin Tecno, Infinix da Redmi da dama, ya fi su sakewa kuma bai kai su zafi ba, domin an ƙera shi a kan nanomita 6, su kuwa 12. In burinka gem ɗin PlayStation 2 ne ko GameCube, to sai ka hau zuwa Dimensity na jerin 8000 ko Snapdragon na jerin 8. A nan Snapdragon ya ɗan yi gaba, saboda masu rubuta manhajojin da ke sa waya ta kwaikwayi waɗannan na'urori sun fi sabawa da sashen hotonsa, Adreno, a kan Mali da ke cikin mafi yawan na MediaTek.

Sai maganar ram. In ka ga an rubuta 8+8, takwas ɗin farko ce ram ta gaskiya. Ta biyun aro aka yi daga ma'ajiyar wayar, kuma ma'ajiya ba ta da saurin ram ko kusa. Tana taimakawa wajen barin manhajoji a buɗe a baya, amma ba ta ƙara wa gem gudu. Gigabait 4 na gaskiya ya ishi PSP. Ga manyan gem na intanet, 6 ko 8 sun fi.

In dai sayen wata wayar ya zama dole, tsohuwar babbar waya takan doke sabuwar ƙarama a gem, amma a yi hattara da 'yan Landan. Galaxy S20, alal misali, iri biyu ce: ta Amurka da Snapdragon 865 take zuwa, ta Turai kuwa da Exynos 990, wanda ya yi ƙaurin suna wajen ɗaukar zafi. Suna ɗaya, kamanni ɗaya. Buɗe CPU-Z a gaban mai sayarwa kafin ka ƙirga kuɗi.

Hannun gem

Nan ne kuɗinka ya kamata ya tafi. Buga ƙwallo ko faɗa da yatsu a kan gilashi wahala ce kawai: yatsa ya rufe rabin fili, gumi ya sa gilashin santsi, ba ka jin ko ka danna ko ba ka danna ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce hannun da ke gidanku tuni. Na PlayStation 4 yana haɗuwa da waya ta Bluetooth, kuma tun daga Android 10 da iOS 13 ba ya ba da matsala. Riƙe maɓallin SHARE da na PS tare har fitilar bayansa ta fara ƙyaftawa sau bibbiyu, sannan ka buɗe Bluetooth a waya ka zaɓi Wireless Controller. Na PlayStation 5 ma haka, sai dai maɓallin Create ne a madadin SHARE. Na Xbox yana da ɗan maɓalli a goshinsa da ake riƙewa, amma sai waɗanda aka yi daga 2016 zuwa yanzu ne ke da Bluetooth. Na Xbox 360 mara igiya ba shi da shi, kar ka ɓata lokacinka. Na PlayStation 3 kuma fitinanne ne, wata waya ta karɓe shi ta igiya, wata ta ƙi. Da irin wannan hannun za ka buƙaci maƙali na roba da ke riƙe waya a samansa. Aibinsa nauyi: waya tana rinjaya ta gaba, bayan ɗan lokaci wuyan hannu ya fara ƙorafi.

Hanya ta biyu, wadda ni na fi so, ita ce hannu mai buɗewa, wanda ake ja ya miƙe a sa waya a tsakiya ya matse ta, maɓallai hagu da dama. Da shi ne waya ke komawa kamar Nintendo Switch sosai. Razer Kishi da Backbone One sun fito a 2020, GameSir kuma yana da X2 da G8, ga wasu masu rahusa birjik. Waɗanda ke shiga bakin cajin USB-C kai tsaye sun fi na Bluetooth: ba jinkiri tsakanin dannawa da motsi, ba batir na daban da za ka riƙa tunawa da cajinsa, kuma galibinsu suna da ƙofar da za ka jona caja ta wuce zuwa waya. Kafin ka saya, duba abu huɗu. Bakin cajinka USB-C ne ko tsohon micro? Hannun zai buɗe ya kai tsawon wayarka, musamman in irin su Tecno Pova ce masu jiki? Tudun kyamarar baya zai bar ta ta zauna daidai? Kuma sai an cire mata riga kafin ta shiga? Wannan na ƙarshen yana gundurar mutane fiye da yadda suke zato, har hannun ya koma cikin durowa.

Ta uku ta masu ƙaramin ƙarfi ce, kuma ba abin kunya ba ce: hannun kwamfuta mai igiyar USB, da ɗan kan OTG da ke haɗa shi da waya. Wayoyi da yawa suna karɓa. In taka ta yi shiru, shiga saiti ka nemi OTG ka kunna, domin a wasu wayoyin a kashe yake zuwa, wasu ma yakan kashe kansa in an jima ba a yi amfani da shi ba.

Ko a Farm Centre ka je, ko Beirut Road, ko kasuwar garinku, ka tafi da wayarka, kuma ka riga ka sauke manhajar gwajin hannu, akwai su da yawa a Play Store da sunan gamepad tester. Haɗa, ka saki analok biyun, wato 'yan sandunan da ake juyawa da babban yatsa, kar ka taɓa. In ɗigon da ke fuskar waya yana rarrafe shi kaɗai, ajiye musu kayansu. Juya kowanne zagaye cikakke, danna kowane maɓalli, ja L2 da R2 a hankali ka ga ko lambar tana hawa sannu-sannu ko tsalle take yi. Jabun hannun PlayStation 4 ya cika duniya, wani ma da kwalinsa ba ka bambancewa. Ba na hana saye, in an gaya maka gaskiya kuma an rage kuɗi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ba na so shi ne a karɓi kuɗin na asali a ba ka shi. In kana da hali, nemi mai analok na maganaɗisu, wanda ake rubuta wa Hall effect. Ba ya gogayya a ciki, don haka ƙura da daɗewa ba sa sa shi rarrafen nan da wuri, kuma wanda ya san ƙurar hunturunmu ya san darajar wannan.

Sauti kuma, iyafis mai igiya ya fi. Na Bluetooth yana makara, sai ka ga ƙwallo ta shiga raga kafin ka ji bugun.

Me za a buga

Ba kowane gem na Play Store ne ke sauraron hannu ba. Minecraft, Asphalt 9 da GTA San Andreas suna karɓa lafiya. Call of Duty Mobile, da ya fito a Oktoban 2019, yana karɓar na PlayStation da na Xbox, amma a cikin fafatawa kawai, wajen zaɓe-zaɓe sai ka sa yatsa. Kuma zai haɗa ka da masu hannu irinka, don haka kar ka ɗauka za ka je ka yi ta kirɓar masu yatsu. PUBG Mobile bai amince da hannu a hukumance ba. Akwai manhajojin da ke yi masa dabara su mayar da maɓalli taɓin gilashi, amma suna iya jawo a rufe maka akawun, ga izinin da suke nema a waya mai yawa. Ga irin wannan gem ɗin gara 'yan maƙalan nan biyu da ake ɗaurawa a saman waya a matsayin kunamar bindiga.

Inda hannu ke biyan kuɗinsa shi ne wajen imuleta, wato manhajar da ke sa waya ta kwaikwayi wata na'urar. Sarkinsu a wajenmu PPSSPP ne, wanda wani ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Rydgård, ya fitar a 2012. Kyauta ne, ba talla a ciki. Akwai mai ruwan zinare na kuɗi, amma aikinsu ɗaya, tallafa wa mai shi ne kawai. Masu iPhone ma sun samu tun da Apple ta buɗe ƙofa ga irin waɗannan manhajoji a Afrilun 2024.

Da ka buɗe shi karon farko zai tambaye ka inda zai riƙa ajiye bayanansa. Ƙirƙiri folda ta kanka, ka sa mata suna PSP, ka zaɓe ta. In ka bar shi ya ajiye a cikin kansa, ranar da ka goge manhajar duk inda ka kai a gem ya tafi.

Daga nan shiga Settings, sashen Graphics. A Backend zaɓi Vulkan. In hoto ya riƙa ɓaci ko manhajar tana fita da kanta, koma OpenGL. A Rendering resolution fara da 2x, wato 960 a 544. A fuskar waya wannan ya yi kyau ƙwarai, kuma abin da 4x ko 5x zai ƙara maka bai kai zafin da zai jawo ba. Bar Texture upscaling a kashe. Kunna ma'aunin gudu da ke nuna lamba a kusurwa, sannan ka buga minti goma. Abin da kake nema gudun ya tsaya a kashi 100. Kar ganin hotuna 30 a sakan a ma'aunin ya dame ka, gem ɗin PSP da yawa haka aka yi su. In gudu yana faɗuwa, murya tana kakkaryewa, sauko zuwa 1x tukuna. Frameskipping shi ne makami na ƙarshe, kuma kar ya wuce 1. God of War guda biyun, na 2008 da na 2010, su ne ma'auni: wayar da ta ɗauke su ba gargada, sauran ba za su gagare ta ba. Tekken 6 da PES, wanda na PSP ya tsaya a kan PES 2014, sun fi su sauƙi. Maɓallai kuwa a Controls ake tsara su. PSP analok ɗaya gare ta da L da R kawai, shi ya sa ko hannu mai arha ya wadatar. Ka tuna ka kashe maɓallan da ke zane a gilashi, fili ya buɗe.

Ga abin da yara da yawa ba su sani ba: mutum biyu suna iya karawa a PPSSPP ba tare da data ba. Ɗaya ya kunna hotspot, ɗayan ya shiga. Ku duka ku kunna networking a sashen Networking. Mai hotspot ya kunna built-in ad hoc server, sannan kowa ya rubuta adireshin IP na mai hotspot ɗin a gurbin adireshin saba, wato server ɗin. Sharaɗi shi ne gem ɗin ya zama iri ɗaya sak, na Turai ba ya ganin na Amurka. Sai ku shiga sashen ad hoc a cikin gem ɗin. Ba kowane gem ne ke yarda ba, amma waɗanda suka yarda sun isa su raba abokai a majalisa.

Game da fayilolin gem ɗin kansu, gara in faɗa a fili. Imuleta halal ɗin mai ita ce, shi ya sa take Play Store. Gem kuwa yana da masu shi, kuma hanyar da ba ta da ƙura ita ce kwafo shi daga faifan da ka mallaka, ko ɗaukar na kyauta a Homebrew Store da ke cikin PPSSPP. Kamfanonin ba wasa suke ba: a Maris 2024 masu imuletar Yuzu, mai kwaikwayon Nintendo Switch, sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 suka rufe. Ga PlayStation ta farko akwai DuckStation, ga GameCube da Wii akwai Dolphin, RetroArch kuma ya tattara tsofaffin na'urori da yawa wuri guda, sai dai saitinsa na buƙatar haƙuri.

Zafi

Wannan ne ke kawo mini ciniki, don haka saurara da kyau. Apple da kanta ta rubuta cewa a yi amfani da iPhone a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, sauran wayoyi ma kusan haka ne. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram, watan Afrilu yakan haura 40 a inuwa. Ke nan tun ba ka buɗe gem ba wayar ta riga ta tsallake iyaka. In firosesa ya yi zafi, da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone. Shi ne dalilin da gem ke tafiya sumul a farko, bayan kwata ɗin awa ya fara tsinkewa. Mutane sai su ce wayar ta kamu da bairos, a yi mata filashin. Ba ruwan bairos.

Firosesa yana da dabarar kare kansa. Batir ne ba shi da ita. Batirin lithium yana lalacewa da zafi, kuma mafi muni shi ne zafi yana cike da caji. Gem yana dafa shi ta gefe, caja mai sauri tana dafa shi ta ɗaya gefen, riga mai kauri ta rufe, katifa ta toshe baya. Na san dalilin: an kawo wuta, ba a san yaushe za a ɗauke ba, ana so a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Amma in ka ga murfin baya ya fara ɗagawa ko gilashi ya turo, daina caji nan take, kar ka matsa shi, kar ka huda, kai a canja.

Abin yi ba shi da wuya. Yi caji tukuna, ka zare, ka bar ta ta huce, sannan ka buga. Cire riga. Rage hasken fuska, domin yana cikin manyan masu shan batir. In fuskar wayarka mai sabunta hoto sau 90 ko 120 ce a sakan, mayar da ita 60 lokacin PSP, tunda gem ɗin ba ya wuce hakan. Zauna inda iska ke kaɗawa. Ko fankar caji ƙarama tana kawo bambanci. In wayarka tana da bypass charging, kamar Infinix Note 30 da jerin GT, ko ROG Phone, ko manyan Samsung na baya-bayan nan da ke da shi a cikin Game Booster, to kunna shi: wuta za ta wuce kai tsaye zuwa injin wayar ba ta bi ta batir ba. Wannan kaɗai ne yanayin da na yarda a buga gem da caja a jone. In ba ka da shi kuma dole ta sa, yi amfani da caja mara sauri, da igiya mai lanƙwasasshen kai, saboda madaidaiciyar tana cin tafin hannu, kai kuma kana ta lanƙwasa ta har bakin caji ya saki.

Fankokin da ake maƙala wa bayan waya iri biyu ne. Mai iska zalla taimakonta kaɗan ne. Mai farantin da ke yin sanyi da kansa tana aiki sosai, amma tana shan wuta, sai an jona ta da fawa-bank, kuma ba ta shiga tare da yawancin hannu mai buɗewa. Firji kuwa, ko ɗora ƙanƙara, a'a. Raɓa ce za ta taru a ciki, ta ci allon wayar a hankali.

Fawa-bank ma a san abin da aka saya. Mai 10,000mAh ba ya zuba 10,000 ɗin a waya, domin ana asara wajen sauya ƙarfin wutar. Masu gaskiya sukan rubuta ainihin abin da yake bayarwa da ƙananan baƙaƙe a jikinsa, wajen 6,000 da ɗoriya.

Har yanzu waya ce

PSP ba a kiran ta, kuma ba kuɗin kowa a cikinta. Wayarka kuwa a nan layinka yake, da manhajar banki, da lambobin sirrin da ake turowa ta saƙo.

Kira tukuna. A PPSSPP ba damuwa, gem yana tsayawa, amma saba da yin Save state kafin wuri mai wuya, ka kuma riƙa ajiyewa ta hanyar gem ɗin kansa, don wani lokaci Android kan rufe manhajar da ke baya in ram ya cika. A gem na intanet kuwa kira yana iya fitar da kai gaba ɗaya. A yawancin wayoyi masu layi biyu, in aka kira layin da ba shi ke ba da data ba, data tana yankewa har a gama magana. Maganinsa Wi-Fi ko MiFi in akwai. Kunna Do Not Disturb, amma ka sa wa lambobin da ba a ƙin ɗagawa tauraro, Hajiya, da maigidanka, da uwargida, ka ba su izinin shigowa. Android yana kuma da zaɓin barin kiran da aka maimaita cikin minti 15 ya wuce. Bar shi a kunne, mai larura ba ya kira sau ɗaya.

Sai banki. Gem ɗin PSP fayil ne mai ƙarewa da iso ko cso, wani lokaci a naɗe cikin zip ko 7z da ake warwarewa da ZArchiver. In ka nemi gem aka miƙo maka abu mai ƙarewa da apk, wannan manhaja ce, ba gem ɗin ba ne, goge shi. Haka gem ɗin da aka yi wa kutse ana cewa kuɗin ciki ba ya ƙarewa, da ake turawa ta Xender daga waya zuwa waya: ba wanda ya san hannu nawa ya bi. Gem ba shi da hujjar neman karanta saƙonninka, ko izinin Accessibility, wanda ke ba manhaja damar ganin abin da ke fuskar waya har ta danna da kanta. Duk wanda ya nemi waɗannan, cire shi. Bar Play Protect a kunne. In kuma ƙanne ko 'ya'ya suna karɓar wayar, sa Play Store ya riƙa neman yatsa ko lambar sirri kafin kowane saye.

Gem ta gajimare, inda wasan ke gudana a wata kwamfuta can nesa ana turo maka hoto, ba zan ba ka shawararsa ba a yanzu. Yana son intanet mara yankewa da kuma kwamfutar ta kasance a kusa, yana kuma shan data kamar bidiyo mai nauyi. Google ma ta rufe nata, Stadia, a Janairun 2023. Abin da ke aiki shi ne na cikin gida: PS Remote Play in kana da PlayStation 4 ko 5, ko Steam Link in kana da kwamfuta, duka a kan Wi-Fi ɗaya, zai fi kyau a kan zangon 5GHz, don na 2.4 yana karo da Bluetooth ɗin hannunka.

In ka ga gem ya fara cinye maka batir har ana nemanka ba a samu, ko gidan da yara, to kar ka sayar da tsohuwar wayarka in ka canja sabuwa. Kuɗin da za a ba ka a kanta ba zai sayi na'urar gem ta hannu irin Anbernic ko Retroid mai ƙarfinta ba. Cire layi, kwashe hotunanka, mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, kar ka sa mata manhajar banki ko WhatsApp. Sa mata katin memori na gaske mai alamar A1 ko A2, ka gwada shi ta hanyar cika shi da fayiloli ka ga ko za su buɗe, saboda na jabu yakan nuna gigabait 128 alhali cikinsa bai kai haka ba. Sa ta a yanayin jirgin sama, ka kunna Bluetooth kaɗai in hannunka na buƙata, za ka ga yadda batir zai ƙara daɗewa. In batirin ya riga ya gaji, canja shi tun kafin ya kumbura. In kuma za a ajiye ta ta kwana biyu ba a taɓa ba, kamar lokacin jarrabawar yara, a bar ta da caji wajen rabi, a kashe, a wuri mai sanyi.